Agogon Bango

Lokacin da muke yara a Kafanchan ba kowane gida ke da agogo ba, kuma ba mu ji rashinsa ba, don jirgi ke faɗa mana lokaci. In ka ji usur daga wajen Kagoro ka san na Jos ne ya sauko. In daga kudu ne, na Fatakwal ya iso, sai masu ƙosai da masu rake su kwasa a guje su yi tasha. Garin ma ai jirgin ne ya raine shi. Mutanen Fantswam na zaune a ƙasarsu tun kaka da kakanni, amma sai da Turawa suka ja layin dogo daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, suka haɗe shi da Kaduna, suka fitar da reshe zuwa Jos a 1927, sannan wurin ya zama mararrabar da kowa ke son kafa rumfa. Kwal na hawowa daga Inugu, kuza na gangarowa daga Filato, shanu na tafiya kudu. Har fadar Sarkin Jama'a aka dawo da ita Kafanchan a farkon shekarun 1930.

Babana mutumin Zangon Katab ne, jikan fatake, daga cikin waɗanda zangonsu ya ba garin suna. Da ya ga jaki ya bar wa jirgi hanya, shi ma sai ya bi jirgin, ya kafa teburin shayi a ƙofar tasha. A bakin teburin nan ya yi aboki, wani ɗan Atyap, waɗanda mu muke ce wa Katab, mai aiki a reluwe. Shi ne mutumin da duk gidanmu muke kira Baba, har yau da ya haura tamanin.

Aikin Baba ba ya cikin waɗanda yara ke mafarki. Ba ya tuƙi, ba ya busa usur, ba ya sa hular gadi. Doguwar guduma gare shi, mai ɗan ƙaramin kai da ƙota kamar ta fartanya. Da jirgi ya tsaya sai ya bi taragai ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa kowace ƙafa, ya karkata kai ya saurara. Lafiyayyen ƙarfe amsawa yake da zaƙi, ƙarar ta ɗan ja kafin ta mutu. Wanda ya tsage kuwa sai ka ji buƙ, kamar ka bugi tulun da ya fashe. Bayan haka ya ɗora bayan hannu a inda ƙafar ke juyawa, ya ji ko wurin ya ɗauki zafi. Akwai alli a aljihunsa kullum. Taragon da ya ja wa alli ba ya barin tasha, ko kayan wane ne a ciki.

Ban da wannan, akwai abin da gidanmu ba ma mantawa. A Mayun 1992, da wutar rikici ta tashi a Zangon Katab, Baba ya riga ya yi ritaya ya koma ƙauyensu. Gwaggona da 'ya'yanta uku a rumbunsa suka kwana biyu. Bai taɓa tada zancen ba, ko sau ɗaya. In muka ɗauko shi ma sai ya tambaye mu ko akwai sauran sukari.

To, ga yadda aka yi.

Muna da wata ƙungiya ta ci gaban yankinmu, ba sai na faɗi sunanta ba, ni ne sakatarenta. Akwai Musulmi akwai Kirista, akwai manomi akwai ɗan boko. Shekara tara ke nan da muka kafa gidauniya don sayen injin tsaga citta da na busarwa. Wanda bai san harkar ba zai ce me ke cikin tsaga citta. A zo Kachia ko Kwoi ko Zonkwa da hunturu a gani. Ana haƙo ta, a wanke, sannan mata su zauna da wuƙa su riƙa raba kowane yatsa gida biyu a tsaye, ɗaya bayan ɗaya, tun hantsi har idanu su daina gani. Yaji na cin hannu, wuƙa na cin ɗan yatsa. A shanya a kan fa ko a gefen kwalta, ƙura da awaki su ɗauki rabonsu, a yi ta juyawa har ta bushe. Citta irin tafin giwa ce ko yatsun biri, hanyar ɗaya ce, kuma ita ce hanyar da kakanninmu suka bi tun zamanin Turawa. Daga nan a ɗura a buhu, ta tafi Legas, ta haye teku, can a tatse manta a sayar da tsada. Masana'antar da aka gina a Kachia don a riƙa yin wannan a gida ta shafe shekaru ƙofa a garƙame.

Manomin da ba shi da kuɗin biyan masu tsagawa kuwa, ɗanya yake sayarwa, a lokacin da kowa ke sayarwa, a farashin da mai saye ya ga dama. Mai sayen shi ke da mata masu wuƙa, shi ke da sito, shi ke da haƙurin jiran farashi ya hau.

Ciyaman ɗinmu yana cikin masu saye. Wannan ba laifi ba ne, kasuwa ce. Kuɗin gidauniya kuma, saboda yadda bankuna ke zaftare ajiya da sunan caji, mun amince tun shekarar farko su zauna a hannunsa amana. Ni na rubuta wannan shawara da hannuna. Sitonsa na cika maƙil kowace Disamba, Allah ya sa masa albarka a nema, mu dai ba mu ce komai ba.

A shekara taran nan mun kafa kwamitin bincike, da kwamitin duba rahoton kwamitin bincike. An kawo mana hotunan inji daga Indiya da Cana. An tsaida cewa ba za a sayi kura a rami ba, sai wakilai uku sun je sun gani da idonsu. Sunana na cikin ukun. Na yi fasfo, har ya kusa ƙarewa.

Ana cikin haka wani yaro ya dawo daga Kaduna. Ɗan wata bazawara ce a bayan kasuwa, ya yi shekara shida yana koyon walda a Panteka. Wata ranar Laraba ya tare ni a hanya ya ce, "Kawu, don Allah ka leƙo shagona, minti biyar." Na leƙa don kada a ce na yi girman kai.

Abin yana tsaye a ƙarƙashin rumfar kwano, tsayinsa bai wuce ƙirjina ba, an shafe shi da koren fenti da bai gama bushewa ba. Ƙafafunsa ƙarfen gadon makaranta ne. Injin da ke jansa irin na markaɗen nan ne da ke kowace unguwa. A sama akwai mazurari, a ciki akwai wata faranti mai juyawa da ke jefa citta ta bi wani ɗan kwararo a tsaye, don kada ta zo wa wuƙa a gicciye. Wuƙaƙen kuma daga tsohon sifirin na mota ya yanko su, ya wasa. Ya ce wannan kwararon ne ya hana shi barci wata huɗu, sau bakwai yana yankewa yana sakewa. Babur ɗinsa ya sayar ya sayi injin. Ya ja igiya, abin ya yi tari ya kama. Ya juye daro guda na ɗanyar citta da ya wanke, kafin in gama gyara hulata ta fara zubowa ta ƙasa a tsage, fari tas, ƙamshi ya cika rumfar. Ba duka ta fita daidai ba. A cikin kowane goma za ka sami biyu da suka gutsure ko suka wuce ba a taɓa su ba. Shi da kansa ya tsince su ya nuna mini, ya ce in ya sami kuɗin ƙarfe mai kyau zai gyara. Amma aikin da na ga ya yi kafin kofin shayi ya huce, mace ɗaya sai ta wuni a kai.

Ba wai shi ya fara ba. Malaman aikin gona a Samaru ta Zariya sun ƙera irinsa tun da daɗewa, sun rubuta a takarda. Bambancin kawai, wannan yana bayan kasuwarmu, kuma in ya lalace mai shi na nan kusa.

Na kai magana gaban kwamiti. Aka ce madalla, a gwada shi a babban taron ƙarshen shekara, a gaban jama'a, don adalci.

Ranar taron, a Disambar 2022, na biyo ta tasha da ƙafa don in ɗauko Baba, wanda ya sauka a gidan jikarsa. Na daɗe ban bi ta nan ba. Ciyawa ta kai gwiwa a tsakanin layuka, awaki na kwance a inuwar taragai da tsatsa ta cinye, wata mata ta shanya barkono a kan dakalin da fasinja ke jira. A 1964, shekarar da layi ya kai Maiduguri, jiragen ƙasar nan sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11. Shekara goma bayan haka ba su ɗauki rabin wannan ba. Faɗin layin yana nan yadda Bature ya auna shi, ƙafa uku da inci shida, shi ya sa sabon jirgin da ke gudu tsakanin Abuja da Kaduna tun 2016 ko an kawo shi kyauta ba zai hau namu ba. A Maris 2021 mun ji a rediyo an ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri. Abin da muka fi ji bayan haka shi ne labarin motocin da ake kamawa ɗauke da ƙarfen layi da aka yanka da dare. Baba na tafiya yana dogara sanda, duk layin da muka tsallaka sai ya ɗan buge shi da ita, kamar mai gaida tsohon abokin da ya kurumce.

An yi taron a ajin wata firamare. Liman ya buɗe da addu'a, aka ajiye rufewa ga Baba, tunda dattijon coci ne, haka muke yi kullum. Aka yi shinkafa da lemo. Sannan ciyaman ya miƙe, cikin farar shadda, ya yi jawabin da na fi jin daɗinsa cikin duk waɗanda ya yi, don ni na rubuta masa rabi.

Ya ce abin da ya kashe ƙasar nan son kai ne. Ya ce matasan yanzu ba su san sadaukarwa ba, kowa so yake a biya shi nan take. Ya ce shi shekara tara yana kan kujerar nan, ko sau ɗaya bai ce ya gaji ba, sau uku wa'adinsa na ƙarewa yana haƙura ya ci gaba, ba don komai ba sai don kada aiki ya faɗa hannun da ba a sani ba. Iyalinsa ma sun yi ƙorafi. Muryarsa ta yi rawa a nan, aka tafa. Ya ce mu jikokin Nok ne, kakanninmu sun narka tama tun Bature na yawo da fata, don haka ba za mu karɓi abin da bai kai ba.

Maganar Nok gaskiya ce, ba na ja. Garin yana nan kusa da Kwoi, kuma a Taruga an tono matoyar ƙarfe da ta girmi haihuwar Annabi Isa da ƙarnuka. Sai dai duk lokacin da aka ambaci Nok a taro, abin da ke faɗo mini daban ne. Wajajen 1943 aka tono wani kan mutum na yumɓu a ramin kuza a ƙasar Jama'a, aikin gwani, ido da hanci da kitso duk a fayyace. Wani akawun ma'adinai ya kai shi gida. Ya dube shi, ya rasa amfanin da zai yi masa, sai ya kafa shi a kan sanda a gonar doya ya zama mutum-mutumi. Ya yi kusan shekara yana wannan aiki kafin a kai shi Jos, wani masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya gan shi, duniya ta san da Nok. Na kan ce a raina, akawun nan bai mutu ba, ya dai bar 'ya'ya. Amma ranar ban ce komai ba, tafi na yi.

Da ya zauna, ma'aji ya fito da wani kwali. Agogon bango ne babba, mai ruwan zinariya a gefe, an rubuta sunan ciyaman a ƙasa da kalmar sadaukarwa. Aka ɗauki hoto.

Sai gwaji. Yaron da abokansa biyu suka turo injin a baro har ƙofar aji. Ya zo da nasa daron citta, amma shugaban kwamitin bincike ya ce a'a, ɗalibi ba ya zuwa da tambayoyin jarrabawarsa. An tanadi buhu daga siton ciyaman. Aka kwance. Ni ina kusa, na ga abin da ke ciki. Citta ce da ta kwana biyu a rana ta yi yaushi, ta yi jijiya kamar igiyar rama, ba a wanke ba, da ƙasarta da 'yan tsakuwoyinta. Yaron ya dubi buhun, ya dube ni. Na sunkuya ina neman murfin birona.

Ya ja igiya. Injin ya haɗiyi kashin farko ya tauna ya tofar kamar dusa. A na biyu wani abu ya yi ƙara, wuƙa ɗaya ta karye, bel ya zame. Aka yi dariya, ba ta mugunta sosai ba, irin wadda mutane ke yi in sun ga abin da dama suka zata. Ciyaman ya taso ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya yi ƙoƙari, ya ƙara haƙuri, Allah na tare da masu haƙuri. Ya zaro dubu biyar ya ba shi ya sha ruwa. Aka sake tafawa.

Aka ce Baba ya rufe mana da addu'a.

Ya daɗe kafin ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe ciyaman, ku gafarce ni, tsufa ya sa in na miƙe sai na ɗan yi surutu kafin addu'a ta zo. Wannan ƙarar da ƙarfen yaron nan ya yi ce ta tuna mini da aikinmu na da."

Ciyaman ya ce, "Baba, ai filin naka ne."

Ya ce wata rana, tun ana kashe fam da sule, jirgin kaya ya iso da tsakar dare da taragon shanu za shi kudu. Ya buga ƙafa ta uku ya ji buƙ. Ya sake bugawa, buƙ. Ya ja alli. Mai shanun ya biyo shi har bayan ɗakin fitilu, ya ce dabbobin nan sun kwana biyu ba ruwa, in aka cire taragon sai wani jirgin, wasu za su mutu, kuma ba nasa ne shi kaɗai ba, na marayu ne. Ya ce a taimaka, a yi don Allah. Ya tura masa fam biyar a aljihu, kuɗin da ya fi albashinsa na mako biyu. Baba ya ce ya mayar masa, mutumin ya zage shi tas, har da iyaye. Aka cire taragon aka tura gefe.

"To ni kuma na kasa tafiya gida," in ji Baba. "Shanun na kuka. Sai na ari bokiti wajen mai shayin ƙofar tasha, uban wannan sakataren naku, muka yi ta jido daga tankin da jirgi ke sha har gari ya waye. Shi mai shanun yana can yana barci a kan benci. Da safe ko kallonmu bai yi ba." Ya yi 'yar dariya. "Amma ba wannan nake so in ba ku ba. Wannan ba labari ba ne, aiki ne."

Ya gyara tsayuwa a kan sandarsa.

Ya ce tsofaffin da suka koya musu aiki suna ba da labarin wani mai guduma a wata tasha, ba tamu ba, can wani wuri. Mutumin nan ba a taɓa ganin mai ƙwazo irinsa ba. Shekara goma sha biyu bai ɗauki hutu ba. In aka ce ya je ya huta wani ya riƙe masa, sai ya ce a'a, rayukan mutane ne, ba zai bar su a hannun da bai sani ba. Yana zazzaɓi yana fitowa. Ranar da matarsa ta haihu ma a tasha ya kwana. Kuma kunnensa ya fi na kowa, don babu daren da zai wuce bai kama tsagaggiyar ƙafa biyu ko uku ba. Duk taragon da ya ja wa alli, dole a sauke kayan. Masu kaya ba sa iya jira, sai su nemi mota. Allah da ikonsa, akwai wani surukinsa mai manyan motoci biyu, kullum suna fake a bayan tasha. Kafin shekara goma sha biyun nan su cika, motocin sun zama tara.

Ajin ya yi tsit, har ana jin agogon ciyaman na tafiya a cikin kwali.

"Sai aka kawo masa wani yaro ya koyi aiki. Yaron ba a ba shi guduma ba tukuna, fitila kawai yake riƙewa. Wata rana ya je wajen maƙeri ya aro wata tsohuwar guduma, don ya riƙa gwadawa da rana in maigidan na barci. Ya je layin da ake jere taragan da aka kashe, ya bugi ƙafar farko. Ta amsa, garau. Ta biyu, garau. Ya bi su duka har ƙarshen layi, babu wadda ta ce buƙ. Da dare ya faki ido ya ɗauki gudumar maigidan ya haska ta da fitila. Ga tsaga nan a kanta, siririya kamar gashi, an cusa mata baƙin mai don kada a gani. Da wannan guduma, ko ƙararrawar coci ka buga, buƙ za ta ce maka."

Wani daga baya ya ce, "To Baba, sai aka yi yaya?"

"Sai yaron ya faɗa. Aka ce ba shi da kunya, jiya-jiya ya zo zai koya wa manya aiki. Aka mayar da shi wata ƙaramar tasha a daji inda jirgi ba ya tsayawa."

"Shi kuma mai gudumar?"

"A'a, shi ai ya gama aikinsa lafiya. Ranar sallama aka yi masa babban taro, aka ci shinkafa, aka yi jawabi a kan yadda ya ba da ransa." Baba ya yi shiru kamar yana laluben wani abu a ka. "Har kyauta aka ba shi. Me ma aka ba shi? Tsufa ba daɗi. Wani abu ne dai da ake ratayewa a bango."

Wata mata a layin baya ta toshe baki da gyale. Ma'aji ya shiga duba wayarsa. Ciyaman, wanda kwalin ke kan cinyarsa, ya sauke shi a hankali ya tura ƙarƙashin tebur da ƙafa. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma shi ya jure, na ba shi wannan. Ya yi murmushi ya ce, "Baba ke nan, ba ka rabo da labarai. Allah ya ƙara lafiya." Baba ya ce amin, ya cire hula, ya yi addu'a gajeriya, ya roƙa wa ƙasa zaman lafiya da damina mai albarka, ya roƙa wa shugabanni lafiyar kunne.

Na rako shi gida da magariba. Na yi ta yabon labarin, ina dariya, ina cewa yau ciyaman ya ji a jikinsa. Bai tanka ba sai da muka zo tsallaka layi. Ya tsaya ya ce, "Ɗana, a labarin nan na bar mutum ɗaya ban ambata ba, don kada taro ya yi tsawo."

Na ce, "Wa ke nan, Baba?"

"Akawun tasha. Kowane tarago da aka kashe, shi ke rubutawa a littafi. Teburinsa na fuskantar taga, tagar na kallon inda motocin ke fakawa. Rubutunsa kyakkyawa ne ƙwarai, kowa na yabawa." Ya bugi layin da sanda. "Babanka bai iya rubutu ba, Allah ya ji ƙansa. Bokiti ya iya ɗauka."

Daga nan har ƙofar gidan jikarsa zancen sanyin bana muka yi.

Daminar da ta biyo, ta 2023, wata cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, gonaki da yawa ba a haƙi komai ba. Waɗanda suka ci bashi suka shuka suka shiga uku. Masu tsohuwar ajiya a sito kuwa sun ga farashin da ba su taɓa mafarki ba. Kwamiti ya zauna ya ga cewa tunda babu cittar tsagawa, hikima ita ce a jingine maganar inji, a fitar da wani abu daga gidauniya a yi rangadin jaje. Mun zaga ƙauyuka shida a mota biyu. An ba mu alawus.

Yaron ya koma Panteka. Kafin ya tafi ya kwance injin markaɗen ya sayar ya yi kuɗin mota. Sauran ƙarfen uwarsa ta sa aka kai mata bakin 'yar gonarta ta acca, don ya tare mata wuri a tsakar gida. Na wuce ta nan da kaka. Koren fentin ya koɗe, wani ya rataya masa tsohuwar riga da fasasshiyar ƙwarya a sama. Tsuntsaye kuwa ba sa sauka.

A taron ƙarshen shekarar aka sake roƙon ciyaman ya ci gaba, ya yi ta ƙi, daga baya ya haƙura. Baba bai zo ba, ƙafa ta hana. Aka ce sakatare ya karanto abin da aka tattauna a taron baya. Na miƙe na karanta jawabin ciyaman kusan duka, da kyautar da aka ba shi, da gwajin injin gida wanda bai yi nasara ba, da gudummawar dubu biyar. Layin ƙarshe ya ce Baba ya rufe taro da addu'a da ƙarfe biyar da rabi.

Ciyaman ya tambaya ko akwai gyara. Babu. Ya miƙo mini biro na sa hannu a ƙarƙashin nasa.